Beruwa, hura da naman layya: Yadda matan Arewa a Nijar ke riƙe gida daga kaka zuwa Sallah

A gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri da ke Jihar Dosso a Jamhuriyar Nijar, shirin Sallah ba ya jiran a ga wata. Tun cikin watan Oktoba, da an gama ɗaure damman hatsi an shiga roron wake, uwargida take fara lissafin abin da za a sha ruwa da shi da azumi, da abin da za a fitar wa baƙi ranar idi, da wanda za a kai wa masu aiki a gona idan damina ta sauka.

A 'yan shekarun nan lissafin ya ƙara wuya. Babbar Sallah tana faɗowa ne a ƙarshen bazara, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, farashin hatsi ya hau, magidanci kuma yana fafutukar neman irin shuka. Wata bakwai zuwa takwas ke nan tsakanin girbi da layya.

Abin da ke cike wannan tazara a gidaje da dama shi ne dabarun busarwa da adanawa da mata suka gada daga iyayensu. Wadda ta fi fice a cikinsu ita ce beruwa, abincin wake da ya kai sunan Dogon Dutsi har kasuwannin Yamai.

Wace Arewa ake nufi?

Mai karatu a Najeriya idan ya ji an ce Arewa, hankalinsa kan tafi jihohi 19 ne. A Nijar kuwa, Arewa sunan ƙasar Arawa ce, waɗanda Zabarmawa da Turawan Faransa ke kira Mawri. Hausawa ne masu magana da karin harshen yamma, irin mai kama da na Sakkwato da Kebbi, inda gero yake hatsi, fura take hura, barkono kuma tonka.

Babban garin yankin, Dogon Dutsi, yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi ta Dosso zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi, kimanin kilomita 275 daga babban birnin ƙasar. A 2011 ne aka cire Tibiri daga cikinsa aka mayar da ita gunduma mai zaman kanta, ta haɗa da Geceme da Dumega da Kore Mairuwa. Matankari da Dankasari da Kiyeshe da Dogon Kiriya da Sukukutan suka ci gaba da zama ƙarƙashin Dogon Dutsi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumomin biyu na ɗauke da mutum sama da dubu 600.

Kwarin Dallol Mawri, tsohon kogin da ya ƙafe tun zamanin da, shi ya ratsa yankin daga arewa zuwa kudu. A cikinsa ruwa ba ya da nisa da doron ƙasa, shi ya sa ake samun lambuna da rani. A kan tudu kuwa jigawa ce, mai karɓar hatsi da wake da gyaɗa da yakuwa, kuma ba ta da abin dogaro sai ruwan sama na wata uku zuwa huɗu.

Ta gabas yankin ya jingina da jihohin Kebbi da Sakkwato. Akwai Arawa da yawa a Ƙaramar Hukumar Arewa Dandi mai hedikwata a Kangiwa, don haka ba abin mamaki ba ne a ga kaka tana Tibiri, jikokinta suna ɓangaren Najeriya, ana kai wa juna ziyarar Sallah da ta suna.

Kalandar ruwa da kalandar wata

Musulunci bai game ƙasar Arewa ba sai a cikin ƙarni na 20. Kafin nan, shekarar Arawa tana tafiya ne da noma: saukar ruwa, fitowar sabon hatsi, da buɗe rumbu. Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji su ne jagororin addinin gargajiya na Azna, kuma sarautun biyu suna nan. A Lugu ne Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, labarin da marubuci Abdoulaye Mamani ya mayar littafi a 1980, Med Hondo kuma ya yi fim a kansa a 1986.

A yau mafi yawan mutanen yankin Musulmi ne, manyan bukukuwan gida kuma su ne Sallah ƙarama da babba. Sai dai rumbu bai sauya tsarinsa ba. Ana cika shi sau ɗaya a shekara, da kaka. Ita kuwa shekarar Musulunci tana gaza ta rana da kwana 10 zuwa 11, saboda haka Sallah tana matsowa baya kowace shekara, sai ta yi kusan shekara 33 kafin ta zagayo inda ta faro.

Dattawa sun ga kowane irin azumi. Na 2005 ya kama a watan Oktoba, ya tarar da sabon hatsi bayan matsananciyar yunwar da aka sha a wannan shekara. Na 2012 ya faɗo tsakiyar damina, mutane na noma da ƙishirwa, rumbu kuma babu komai. A 2025 an yi azumi a watan Maris, aka yi layya a farkon Yuni, daidai da jiran ruwan shuka.

Wannan saɓani tsakanin kalandar biyu shi ne aikin da ya rataya a wuyan mata. A tsarin noman ƙasar Hausa ta Nijar, akwai gandu, gonar gida da maigida ke jagoranta, akwai kuma gamana, 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta. Da an kammala girbi, samari da magidanta da yawa sukan tafi cin rani Najeriya ko Benin ko Kwaddibuwa, su bar mata da yara da tsofaffi. Daga nan har faɗuwar ruwa, kayan miya da abin marmari da galibin abin da ake tarbar baƙo da shi daga hannun mace suke fitowa.

Wake: arziki mai saurin lalacewa

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun sanya Nijar a matsayi na biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, inda a shekarun baya-bayan nan take samar da fiye da tan miliyan 2 a shekara. Manomin Arewa yana cin hatsinsa, wake kuma shi ne kuɗinsa. Da shi ake biyan bashin damina, a ɗinka wa yara tufafi, a yi hidimar aure.

Matsalar wake ita ce ƙwaro. Yana yin ƙwai a jikin ƙwayar tun daga gona, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, cikin 'yan watanni buhu ya koma gari da ɓawo. Tsoron haka ne ke sa manoma da yawa sayarwa da kaka, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, sannan su dawo su saya da tsada da bazara.

Tun daga 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na Afirka, ciki har da na cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, INRAN. Ledoji biyu na ciki suna toshe iska, ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Amma tun kafin zuwan wannan buhu matan Arewa suna da tasu mafita. Ƙwaron yana buƙatar ƙwayar wake sukutum domin ya yi girma a cikinta. Idan aka niƙa waken, aka dafa, aka busar, ya rasa mazauni. Hikimar beruwa ke nan.

Yadda ake yin beruwa

Aikin yakan fara da tsince wake, a fitar da tsakuwa da wanda ya lalace. Sai a ɓarza shi ko a surfa a cire ɓawo, a sheƙe, a shanya, a kai inji ko a daka a turmi har ya zama gari, a tankaɗe.

Daga nan ne gwaninta take. Ana zuba garin a babbar ƙwarya ko kwano, ana yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa da tafin hannu, har ya dunƙule ya zama ƙananan ƙwayoyi kamar na dambu. Ruwa ya yi yawa, ya caɓe. Ya yi kaɗan, ya ƙi haɗuwa. Wasu matan kan sa ruwan toka ko na kanwa, wanda ke sauya launin ya yi duhu ya kuma sa ya yi laushi wajen dahuwa, shi ya sa ake ganin beruwa fara da mai duhu a kasuwa.

Bayan murzawa sai a dafa ƙwayoyin, a baza su a tabarma ko a kan zane mai tsabta a rana har su bushe ƙarau. Iskar hunturu da ke kaɗawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ita ce babbar mataimakiya, domin ba ta da laima. Idan ta bushe da kyau, beruwa tana yin watanni a ajiye ba abin da ya same ta.

Ranar da za a ci kuwa ba ta da wahala. A tafasa ruwa a zuba ta, ta yi laushi cikin ɗan lokaci, a tsane, a zuba man gyaɗa da gishiri da tonka da yankakkiyar albasa. Mai hali ya ƙara tumatir, ko dafaffen zogale, ko ƙwai. Ba ta cin itace kamar ɗanyen wake, kuma a ƙasar da mace ke tafiya mai nisa neman makamashi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ga shi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne, abin da hatsi kaɗai ba ya wadatar da yara da shi.

Ba kasafai mace ɗaya ke yin aikin ita kaɗai ba. Kishiyoyi da facaloli da maƙwabta kan taru a tsakar gida ɗaya, yau a yi na wance, gobe a koma na wance. 'Yan mata suna gefe suna tsince wake da korar kaji daga shanya, a nan suke koyon murzawar. A yanzu ƙungiyoyin mata a yankin suna ƙulla beruwa a leda suna kaiwa baje kolin kayan gona a Yamai, ɗalibai da ma'aikata 'yan asalin Arewa kuma sukan koma birni da ita a matsayin tsaraba.

Ba wake kaɗai ake yi wa wannan tanadi ba. Da kaka ake yanka kuɓewa a shanya, a busar da ganyen yakuwa da lalo da tafasa, a daka kuka. 'Ya'yan yakuwa kuma a dafa su a rufe su ruɓa, a yi daddawar batso, wadda ke ba miyar yankin ƙamshinta. Harawar wake ana ɗora ta a kan rumfa ko a reshen bishiya, kuma tana da ranarta idan layya ta matso.

Darare na kaka da sanyin lambu

Tsakanin girbi da tafiyar 'yan cin rani shi ne lokacin da gida ya fi cika. A nan ake yawan ɗaura aure, domin akwai hatsin yin gara da kuɗin wake a hannu. Da dare, idan akwai farin wata, samari kan yi kokawa a dandali, 'yan mata su yi gaɗa, ƙananan yara kuma su kewaye kaka tana yi musu tatsuniya ana ɓare gyaɗa.

Kokawa tana da babban matsayi a Jihar Dosso. Filin kokawar birnin Dosso yana ɗauke da sunan tsohon zakara Salma Ɗan Rani, kuma jihar ce ta fitar da Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, da ya ɗauki takobin ƙasa sau da dama. A kwanakin gasar, wadda aka fara tun 1975, iyali kan taru a gaban rediyo ko talabijin, har matan da ke tuƙa tuwo suna kasa kunne daga madafa.

Da sanyi ya shiga sai lambunan kwari su fara bayarwa. A kewayen tafkin Dogon Dutsi da wasu garuruwan Dallol ana noman dankalin Turawa da kabeji da latas da tumatir da albasa da zogale. A wannan ɗan tsakani ne ɗanyen ganye ke wadata, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda Zabarmawa ke kira kopto, ya zama abincin rana a gidaje da tashar mota.

Azumi da ƙaramar Sallah

A wannan fanni iyalan Arewa sun ɗan yi sa'a a shekarun nan, domin azumi yana tarar da ƙarshen kayan lambu, kuma rumbu bai kai ga yin ƙasa sosai ba.

Kafin watan ya kama, ko a kwanakinsa na farko, akwai al'adar da ta game Nijar ta kai sukarin azumi. Magidanci yakan aika wa surukansa da iyayensa, saurayi ya kai gidan budurwar da yake nema. Abin da aka faro a matsayin kyautatawa ya zama nauyin da wasu ke cin bashi domin saukewa, kuma duk shekara malamai sukan ja hankali cewa ba wajibi ba ne.

Shan ruwa yakan fara da dabino ga mai shi, sai kunun tsamiya ko koko da ƙosai, da zoɓo ko jiƙon tsamiya. Bayan sallar asham a ci tuwo, ko dambu, ko beruwa. Dambun yankin tsakin hatsi ne ko na masara da ake turarawa da zogale da albasa, a zuba mai da tonka. Da asuba kuwa babu kamar hura. Ana surfa hatsi a wanke, a daka da citta da kanumfari da masoro, a cura a dafa, a kirɓa a turmi, sannan a dama da nonon da matan Fulani ke kawowa. Tana riƙe ciki, tana kuma rage ƙishirwa, shi ya sa manomi da mai azumi duk ba sa rabuwa da ita.

Idan azumi ya kai goma, yara kan fita tashe bayan shan ruwa, suna bi gida-gida ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Goman ƙarshe kuma na teloli ne da masu kitso da masu ƙunshi. Zakkar fid-da-kai a nan galibi da hatsi ake fitar da ita, kai tsaye daga rumbu zuwa hannun mabuƙaci.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, jama'a kan je gaisuwa fadar sarakuna, kamar ta Sarkin Arewa ko ta Samna a Tibiri. A gida kuwa an riga an yanka kaji ko zabi, an dafa shinkafa ko taliya ko an toya masa. Sai a ga 'yan mata cikin sabbin kaya ɗauke da kwanoni, wannan na gidan kawu, wannan na gwaggo, wannan na surukai. Kwanon da ya tafi da abinci ba ya dawowa wayam. A ƙarshen yini gidan da ya dafa abu ɗaya sai ya tashi da kala biyar, gidan da bai samu ya dafa ba kuma ba ya kwana da yunwa.

Layya: wuta ɗaya, raguna da yawa

Ragon layya a gidaje da yawa na mace ne tun asali. Takan sayi ɗan rago bayan kaka da kuɗin wakenta ko na adashi, ta turke shi a tsakar gida, tana ba shi harawa da ƙowar wake da dussa da ruwan surfe. Idan Sallah ta zo ta sayar, wani lokaci ma mijinta ne mai saye. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara kafawa a Jihar Maraɗi a 1991 kafin su bazu a ƙasar, sun taimaka wa mata da dama samun jarin wannan kiwo.

Yadda ake sarrafa naman ya bambanta da abin da aka saba gani a Kano ko Zariya. A Nijar, bayan an yanka an feɗe, ana buɗe ragon gaba ɗaya a soke shi da sanduna biyu da aka gicciya, a kafa shi a tsaye. Maƙwabta kan haɗa ragunansu a jere a ƙofar gida, a hura wuta guda a tsakiya, zafinta ya riƙa gasa su a hankali tun daga hantsi har dare. Maza da samari ke kula da wutar, suna juya naman suna shan shayi. Haɗa wutar yana rage cin itace, wanda shi ma farashinsa kan tashi a makon Sallah.

A ranar farko ba a taɓa gasasshen ragon. Kayan ciki ake ci, waɗanda mata ke wankewa su soya da kitsen dabbar. Washegari ne ake sassara nama a yi rabo, yara su bazu cikin gari da kwanoni zuwa gidajen dangi da maƙwabta da waɗanda ba su samu ikon yankawa ba.

Abin da ya rage sai ya koma hannun uwargida. Takan yanka shi ƙanana ta soya har ruwansa ya ƙone, ta barbaɗe da yaji, ta zuba a tukunya ko kwano mai murfi ta ɓoye a ɗaka. A garuruwan da wutar lantarki ba ta da tabbas, ko babu ita sam, wannan suya ita ce firji. Daga cikinta ake jefa ɗan yanki a miya, a ba yaron da ya yi abin kirki, a tarbi baƙo, har tsawon makonni.

Cika-ciki da kuɗin shara

Wata guda bayan layya, ranar 10 ga Muharram, ake cika-ciki. Domin wannan dare ne ake ajiye kan rago ko ƙafafu ko jela da aka babbake aka busar. Ana dafa su da tuwo mai yawa, kowa ya ci ya ƙoshi, da fatan shekarar da aka shiga ta zo da wadata. A 2025 ranar ta faɗo a farkon watan Yuli, ana tsakiyar noman farko, lokacin da cin nama a ƙauye sai an yi da gaske.

A watan ne kuma taubasai ke bin juna kuɗin shara, ana zolaya ana dariya. Wasan bai tsaya tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba, ya haɗa har da ƙabilu. Ba'are da Bafulatani abokan wasa ne, ko a kasuwa suka haɗu sai sun taɓa juna da baƙar magana, ba mai fushi. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta wasan dangi ta Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A yankin da manomi da makiyayi ke raba rijiya da burtali, wasan yana kashe wutar rigima da yawa tun kafin ta kama.

Abin da ke matse tukunya

Duk wannan tsari yana tafiya ne idan an samu damina, kuma hanya tana buɗe. Mutanen yankin sun daɗe da sanin abin da rufe iyaka ke jawowa. Yunwar 1984 a Nijar har yau El-Buhari ake kiranta, saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya. An sake rufe su daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma takunkumin ECOWAS ya sake datse hanya, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe.

Faɗuwar darajar Naira tun daga tsakiyar 2023 ta taɓa gidajen Arewa ta fuska biyu. Abin da ɗan cin rani ya tara a Najeriya yakan zama kaɗan idan aka canza shi zuwa Sefa, sannan ɗan kasuwar Najeriya da ke zuwa sayen wake da raguna yana ganin kayan sun yi masa tsada.

Matakan gwamnatin Nijar ma suna da kaifi biyu. A watan Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, domin sauƙaƙa farashi a cikin gida. A watan Mayun 2025, gab da layya, ta dakatar da fitar da dabbobi. Mai saye a birni ya ji daɗi. Amma matar da ta yi wata shida tana turke da rago, da manomin da ya dogara da kasuwar ƙetare domin wakensa, kasuwarsu ce ta ƙuntata. A irin wannan yanayi, mayar da wake beruwa yana ba mace damar riƙe kayanta har ta samu mai saye a cikin gida, ko ta ciyar da 'ya'yanta da shi.

Ga kuma matsalar tsaro a dazukan kan iyaka da Sakkwato da Kebbi, inda 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka yi ƙaurin suna tun daga ƙarshen 2024. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake, amma iyalai da dama a yanzu sukan auna hanya kafin su ɗauki yara zuwa yawon Sallah a wancan ɓangaren, wasu su wadatu da gaisuwa ta WhatsApp.

A cikin gida ma akwai muhawara. Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogon Dutsi tun ƙarshen shekarun 1980, ta nuna a littafinta na 2009 yadda wa'azin masu neman gyara, irin su Izala, ya sa aka shiga ja-in-ja a garin kan yawan kashe kuɗi a bukukuwa da kayan ɗakin amarya. Masu wa'azi na kallon abin a matsayin almubazzaranci. Mata da yawa kuwa na ganin kwanon da aka kai gidan wata yau ajiya ce, zai dawo ranar da ake buƙatarsa. Kowane ɓangare yana da karin maganar da zai kafa hujja da ita: wani ya ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, wata ta ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Shekarun da ke tafe

Lissafin wata ya nuna layya za ta ci gaba da matsowa cikin tsananin zafi, daga ƙarshen Mayu a 2026 zuwa Afrilu a 2030. A shekarar ta 2030 azumi zai kama sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba, cikin sanyi da wadatar kayan lambu. Sai wajen 2037 zai sake haɗuwa da kakar hatsi kamar yadda ya yi a 2005.

Kafin lokacin, magidanta a Matankari da Geceme da Kore Mairuwa za su ci gaba da auna kuɗin rago da na iri a ma'auni ɗaya. Abin da zai rage musu nauyi ba boyayye ba ne: buhun adana wake mai sauƙin kuɗi a kasuwannin ƙauye, injin niƙa kusa da gida, wurin shanya mai tsabta da zai sa beruwa ta shiga manyan shaguna, da hanyar da mace za ta bi ta kai kayanta kasuwa ta dawo lafiya. 'Yan matan da ke korar kaji daga shanya a yau su ne za su riƙe tukunyar a wancan lokaci, kuma abin da suka koya a tsakar gida da kaka shi za su fitar wa baƙi ranar idi.